Keken zagaya Samaru: wanne zan saya, ina kuma zan bi?

Tambaya: Salam. Ni sabon ɗalibi ne a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) Zariya, ina zaune a Hayin Dogo. Ina so in sayi keke don zuwa lacca da ɗan motsa jiki ranar Asabar. Abokina ya ce sai sabo mai giya da yawa da sifirin gaba da baya, wani kuma ya ce in nemi na gwanjo. Sannan wace hanya ce mai sauƙi?

Wa alaikassalam ƙanina. Gaskiya abokin nan naka ƙyale-ƙyale ne ya ɗauke masa hankali. Samaru ai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ba dutsen Kufena za ka hau ba, to me za ka yi da giya 21? Sabbin nan masu araha da sifirin a tsakiya nauyi ne da su, kuma wani ɓangare na ƙarfin da kake takawa sifirin ɗin ne ke shanyewa, kafin damina ta wuce giyar ta fara tsalle kullum kana gindin mai gyara. Ni dai na gwanjo mai lafiya nake ba da shawara, ko mara giya ko mai 'yan kaɗan. Ko Phoenix irin na su baba ma ba laifi in ba ka jin kunyar 'yan ajinku, kayan gyaransa ko a ƙauye akwai.

Amma kar ka je saye kai kaɗai, ɗauki mai gyaran keke ka ba shi na goro. Ku ɗaga keken ku juya taya ku ga ko wili na lilo, ku duba jikin ƙarfen ko an taɓa yi masa walda musamman wajen wuya, in an yi to ka bar shi komai arharsa. Birki da sarƙa da sirdi duk ana canzawa, waɗannan abin neman ragi ne kawai. Ka ware kuɗin kwaɗo mai ƙarfi da famfo.

Hanya kuma, cikin makaranta ya ishe ka a farko. Shiga ta Main Gate, bi ta wajen ginin Senate, ka miƙe cikin kwatas ɗin malamai inda bishiyoyi suka yi inuwa motoci kuma ba yawa, ka gangara wajen dam ɗin Kubanni ka huta, dawowar ce kawai ke da ɗan hawa, sai ka fita ta North Gate. Bayan asuba ya fi daɗi, sai dai lokacin hunturu sanyin Zariya ba wasa ba ne, sa rigar sanyi ka rufe hanci saboda ƙura. In ka sauka daga kwalta ka kula da tsidau, shi ke aika mutane wajen mai faci.

Titin Sokoto kuwa, daga Kwangila har Shika, tireloli da tankoki da 'yan acaba ne ke da shi. Tsallakawa kawai za ka yi, shi ma ka sauko ka tura keken da hannu. Zuwa harabar ABU ta Kongo ko unguwar PZ a keke ka bari tukuna sai ƙafarka ta zauna.