Gashina na zubewa, na daina shiga mutane

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce a Mabera, nan cikin Sakkwato, shekarata 29. Wata bakwai ke nan wani fili ya buɗe a tsakiyar kaina, faɗin kwandala, sumul, ba ƙaiƙayi ba ciwo. Yanzu sun zama uku. Ko maigida bai gani ba, da ɗankwali nake kwana. Na daina zuwa kitso, biki da suna duk ina gudu. Wata ƙawata ta ce jifa ce. Wa zan faɗa wa?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, sannu da haƙuri. Yadda kika siffanta abin, ya yi kama da larurar da muke kira alofeshiya ariyata. Garkuwar jiki ce ke yin kuskure, ta far wa saiwar gashi kamar ta ga baƙuwar cuta. Ba jifa ba ce, ba ƙazanta ba ce, kuma ba a ɗaukarta ta hanyar mataji ko matashin kai. Kusan mutum 2 cikin 100 kan gamu da ita a rayuwarsu. Saiwar ba ta mutuwa, shi ya sa a wurin mutane da yawa gashin kan dawo, wani lokaci ya fara fitowa fari kafin ya yi baƙi. Amma sai an duba kan da ido, domin makero da ɗaurin kitso mai tsauri su ma suna cin gashi, kuma maganinsu daban ne. Ki je sashen fata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Akwai allurar da ake yi a filin, akwai na shafawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne ɗankwalin nan da kike kwana da shi. Wata bakwai kina gadin kanki a ɗakinki, wurin da ya kamata ki sake. Na sha ganin mata a wannan hali, kuma sau da yawa ɓoyon ya fi zubewar gashin cin rai. Hijabi ya rufa mana asiri a waje, alhamdu lillahi, amma shi ne kuma ya sa kowace ke zaton ita kaɗai ce. A ajin Islamiyyarku ma ba mamaki akwai wadda gashinta ya zube bayan haihuwa, ko wadda gaban goshinta ya cinye, tana zaune kusa da ke, ta yi shiru kamar yadda kika yi.

Ki fara da maigida. Kada ki bari ya gani bisa tsautsayi. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance, ki ce masa larura ce mai suna, kina so ya raka ki asibiti. In ya ji bayanin daga bakin likita, ya samu abin da zai faɗa wa danginsa in magana ta taso, kin huta da amsa tambayoyi.

Sai mace guda mai riƙe sirri, Inna ko Yaya ko wata aminiya. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Mai kitso ma kada ki raina ta: babu irin kan da bai bi ta hannunta ba. Ki kira ta gida ta yi miki kitso sako-sako, banda ƙari, banda man saki. Ranar ganin likita kuwa, ki gaisa da matan da ke kan benci. Daga nan ake musayar lamba, har a haɗa ɗan zaure a WhatsApp. Sai dai ki yi hattara da masu tallar man da wai ke tsiro da gashi cikin mako guda, kuma kada ki tura wa kowa hoton kanki.

Ƙawarki da ta ce jifa ce, ƙila tausayi ne ya sa ta. Ki riƙe addu'a da azkar, ki haɗa da magani, kada ki fara zargin kowa.

In kuma kika ga barci ya ƙaurace miki, abinci ba ya shiga, kuka ya yawaita har sama da mako biyu, ki faɗa wa likitan a wannan zuwan. Damuwa ma ana maganinta, a nan asibitin koyarwa ko a asibitin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa da ke Kware. Allah ya ba ki lafiya.