Tambaya da Amsa: An Yi Mini Alat Na Bogi, Ko In Koma Tsabar Kuɗi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na fi shekara 20 ina sayar da atamfa da shadda a Daura. Ana gab da ƙaramar Sallah wani matashi fes-fes ya ɗauki turmi huɗu, ya nuna mini risit a wayarsa, tawa ma ta yi ƙara, na ga saƙo ya shigo. Sai da yamma na duba asusu, babu ko sisi. Tun ranar na ce ni da taransifa haihata-haihata. Ɗana kuma ya matsa sai mun riƙa ɗora kaya a WhatsApp. Ina mafita?
Wani ɗan kasuwa, Daura

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya mayar da alheri. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, don haka ban ga laifinka ba. Amma a wannan karon ina bayan ɗanka.

Abin da ya shigo wayarka saƙo ne kawai, ba kuɗi ba. Akwai hanyoyin aika saƙo ya fito da sunan banki a sama, risit kuwa hoto ne, duk yaron da ya iya taɓa waya zai sauya suna da adadi kafin shayi ya huce. Shaidarka guda ce: ka shiga asusunka da hannunka, ta manhajar banki ko ta lambobin nan da ake dannawa ko a ƙaramar waya, ka ga kuɗin sun ƙaru. In ba su ƙaru ba, kaya na nan a kan kanta. In mai saye ya ce sabis ne ya riƙe, wani sa'in gaskiya yake faɗa, domin kuɗin sai sun bi ta na'urar NIBSS da ke haɗa bankuna, kuma takan yi nauyi. To, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, ku jira tare. Mai gaskiya zai zauna. Wancan na turmi huɗu da tuni ya tuna yana da uzuri.

Ka tuna farkon 2023, bayan da Babban Banki ya sauya takardun N200 da N500 da N1,000, kuɗi suka yi ɓatan dabo. Ni da idona na ga mai shayin da nake zama wurinsa a Ƙofar Ƙaura, nan Katsina, ya yagi kwalin madara ya rubuta lambar asusu da biro, ya liƙa a jikin tebur. Mutumin da a da ko katin ATM ba ya yarda ya riƙe. A lokacin ana sayen naira da naira wurin masu POS, kuma wanda ya ce tsaba kawai yake karɓa ya wuni yana kore ƙuda. Takardun sun dawo, amma kwalin nan har yau yana jikin teburin, sai dai an sa masa leda. Jama'a sun saba da OPay da Moniepoint da PalmPay, matasa da yawa ba sa yawo da ko naira dubu a aljihu. In ka ƙi taransifa, shagon maƙwabcinka za su shiga.

Ban ce abin ba shi da illa ba. Akwai harajin N50 a kan duk taransifar da ta kai N10,000, ga kuɗin data. Mutanen Jibiya da Batsari da Faskari kuma ba za su manta 2021 ba, da aka katse layukan waya saboda matsalar tsaro, sai mutum ya yi tafiya kafin ya samu sabis. Don haka kar a rasa 'yar tsaba a aljihun tebur.

Batun WhatsApp kuwa, nan ne ribar take. Matan aure da ba sa zuwa kasuwa su ne suka fi kowa sanin atamfa, yanzu kuma daga ɗaka suke zaɓa. Ta ga zane a hoto, ta tura wa ƙawarta a Zango ko Mai'aduwa, a turo kuɗi, a ba direba a tasha. Kai ma sarin da kake tashi da asuba ka je Kantin Kwari dominsa, rabinsa zai yiwu ta bidiyo, in kana da wanda ka yarda da shi a can. Sai dai a ɗauki hoton a hasken rana, kar a ƙara masa kala. Mace ɗaya ta ce abin da aka kawo mata ba shi ta gani ba, kafin la'asar duk zauren 'yan biki ya ji.

Ka buɗe asusu daban na shago, kar a cakuɗa shi da kuɗin cefane. Lambar sirri da BVN naka ne kai kaɗai, ko wanda ya kira ya ce daga banki yake, kashe wayar. Shi kuma yaron, ka damƙa masa wannan ɓangare, ya riƙa rubuta duk turmin da ya fita a littafi, ku duba tare bayan sallar isha'i. Ka yanka masa la'adarsa a kan kowane turmi, kamar yadda za ka yi wa dillalin da ba ɗanka ba.