Amsa ga ƙanwata da aka ce mata maƙiyiyar mata

Salam. Ƙanwata da kika ce abokiyar aikinki ta kira ki maƙiyiyar mata don kawai kina bayan Bernie Sanders ba Elizabeth Warren ba a zaɓen fidda gwanin shugaban ƙasar Amurka na jam'iyyar Democrat na 2020, kina tambaya ki kai ƙara ko ki share, wallahi tsohon miki kika fama min.

Ni nawa a 2008 ne, kuma ta gefe biyu na sha. Hillary Clinton nake yi lokacin, sanatarmu ce ta New York, na kuma ga abin da aka yi mata a New Hampshire, wani ƙato ya miƙe tsakiyar taro yana ihu wai ta zo ta goge masa riga. Na faɗi ra'ayina a wajen wani suna a Bronx, sai wani abokin maigidan ya ce a gaban kowa, Hajiya ashe kin sayar da fatarki, ɗan uwanmu baƙi Barack Obama ya fito kina bin baturiya. Bill Clinton kuma ya zo ya ƙara jiƙa min aiki da ya kwatanta nasarar Obama a South Carolina da ta Jesse Jackson, wani baƙi da ya ci jihar a 1984 da 1988 amma bai samu takarar ba, kowa ya gane abin da yake nufi. Na daina ɗaukar waya.

Amma duk wannan wasa ne. A watan Fabrairu aka fito da hoton Obama da rawani, kayan Somaliyawa da aka sa masa a Wajir ta Kenya a 2006, aka zargi mutanen Hillary da yaɗawa, suka musanta. Akwai wata baturiya a gidan kula da tsofaffin da nake aiki, tare muke yin Hillary, tare muke cin abinci, matar nan sau nawa na karɓar mata aikin dare da ɗanta ba shi da lafiya, har dambun nama na kawo mata daga gida. Ta buga hoton a takarda ta kawo ɗakin hutu ta ajiye kusa da kofina, ta ce irin waɗannan masu naɗe kai ne za su mulke mu? Sannan ta kalli hijabina ta yi dariya ta ce ban da ke fa. Ban da ni! Shayin bai shiga ba, na je banɗaki na kulle na yi kuka mai isata, na wanke fuska na koma na canza wa wata tsohuwa zanin gado hannuna na rawa. Har ta bar aikin ba ta ba ni haƙuri ba, kuma da na daina yi mata magana cewa ta yi na ci amanar mata. Ni Allah ya isa na ce, har yau ban janye ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, su can sama shiryawa suke yi. Yuni ba ta ƙare ba sai ga Hillary da Obama a wani gari wai shi Unity suna ɗaga hannu, ya ci zaɓe ya ba ta ministar harkokin waje. Mu kuwa ni da matar abokin maigidan ko gaisuwar Sallah ta yanke. Wannan ƙin ba da hannu da Warren ta yi wa Sanders bayan muhawarar Iowa a Janairun 2020, ki zuba ido, za su shirya su bar ki da gabar.

Ba wai zargin ƙarya ba ne fa, akwai wariyar akwai raina matan, na gani da idona. Sai dai da yawa lokacin fidda gwani kawai suke tunawa da shi.

Ki rubuta ranar da abin da abokiyar aikin taki ta faɗa da waɗanda ke wurin, ni ban rubuta komai ba shi ya sa baturiyar ta sha. In ta maimaita ki kai wa wakilin yuniyon ɗinku, wato ƙungiyar ma'aikata, kafin ofis. Kar ki biye mata a Facebook don Allah, hoton allo suke ɗauka. Ki daina cin abinci a teburinta. Kuma ki duba rajistarki, a New York in ba ki da rajista da jam'iyyar ba za ki jefa ƙuri'ar fidda gwani ba, kar ki sha zagi a banza ranar zaɓe a juyo ki daga layi. Ki min magana ta inbos, dare nake yi wannan makon amma zan amsa.