Kuɗin Gwamnati Zai Ɗaure Mana Baki?

Tambaya: Wata ma'aikata ta ce za ta ɗauki nauyin fim ɗinmu. Idan muka karɓa, za mu iya faɗin abin da muke so? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Malam, fara tantance irin kuɗin. Tallafi ne, irin naira biliyan 3 na Project ACT da gwamnatin Jonathan ta ware wa 'yan fim a 2013? Ko bashi ne, irin wanda Babban Bankin Najeriya ya fito da shi a 2019, mai ruwan kashi 9 cikin ɗari? Ko kuwa kwangilar wayar da kai ce? Idan kwangila ce, saƙon nasu ne, kada ka yaudari kanka.

Kafin sa hannu, a rubuta wa ke da haƙƙin mallaka, kuma wa ke da ta cewa a tacewar ƙarshe. Nan ake yawan faɗawa rami: sai a riƙe kason ƙarshe na kuɗin har ka cire fitowar da ta sosa wani babba. Nemi a ɗaura biyan kowane kaso a kan kammala aiki da rasit, ba a kan "gamsuwar ma'aikata" ba.

Hukumar tace fina-finai kuwa tana nan, ko kuɗin aljihunka ne.