Kafin ka ɗora wa tsohuwar CG birkin faifai

Yaro, tambayarka ita ce me zai hana mu cire birkin gaba na tsohuwar Honda CG125 ɗin nan da muke tayarwa, mu ɗaura mata na faifai mai aiki da mai, irin na baburan yanzu. Babu abin da ya hana. Amma birki ba shi kaɗai yake tafiya ba, shok ɗin gaba ne ke ɗauke da shi, kuma can ne aikin yake.

In ka damƙe birki, nauyin babur da na mai tuƙi duk gaba yake zubowa, shi ya sa tayar gaba ke yin kusan kashi 70 cikin ɗari na tsayawa. Ita wannan CG, da Honda ta fara fitarwa a 1975, an yi ta ne don ɗaukar wahala da arhar gyara. Sandunan shok ɗinta sirara ne, milimita 27, daidai ƙarfin birkin kwanon da ta zo da shi, wato wanda ke kamawa daga cikin kwanon tsakiyar wili. Dubi Honda CB750 ta 1969, wadda ta yaɗa birkin faifai a duniya: sandunanta milimita 35 ne. Birkin faifai ɗaya a gefe guda yake kamawa, yana murɗa ƙafar da aka ɗaure shi a kai. In ƙafar ba ta da ƙwari, sai ka ji kan babur ya fizge gefe, ko shok ɗin ya nutse har ya ƙure.

Don haka ban yarda a kai ƙafar shok wurin mai walda a liƙa mata kunnen da zai riƙe kalifa ba, wato abin da ke matse faifai in an kama birki. Na san ana yi. Zafin walda yana sauya ƙwarin ƙarfen, yana iya karkatar da ramin da sanda ke zamewa a ciki, kuma ranar da kunnen zai ɓalle ita ce ranar da aka fi buƙatarsa. In za a canza, a canza gaban gaba ɗaya daga babur guda: sanduna, ƙarfen wuya na sama da na ƙasa, sandar taya, wili, faifai, kalifa da masta, wato famfon da ke jikin hannun birki mai tura mai zuwa kalifa. CG ta baya-bayan nan akwai wadda ta fito da faifai tun daga kamfani, irin gabanta za mu nema a wurin 'yan gwangwan.

In an samo, ɗauko awo kafin sifana. Auna sandar wuya, tsawonta da kaurinta, ka ga ko za ta shiga wuyan firam da boris ɗin da ya dace. Sannan auna tsawon shok daga sama zuwa tsakiyar sandar taya, ka gwada da tsohon. Nan yara ke raina abu. Shok ya fi tsohon tsawo, kai ya ɗaga, babur ya yi nauyin juyawa. Ya gaza, kai ya sunkuya, ya riƙa saurin shiga kwana, a gudu kuma hannu ya kama kaɗawa. Haka girman wili: in tsohon inci 18 ne ka kawo na 17, ka sauya zaman babur ko da shok ɗin ya yi daidai. Ka juya kai dama da hagu har ƙarshe, kar ya daki tanki, don fentin nan kuɗi ne.

Masta kuwa, wadda ta zo da kalifar ita za ka bari. Ka sa babba, hannun birki ya yi tauri kamar itace amma bai kamawa. Ka sa ƙarama, ya taho har jikin robar da ake riƙewa. Man birki DOT 3 ko DOT 4, duk wanda aka rubuta a murfin. DOT 5 daban ne, kar ya haɗu da su. Man yana shan ruwa daga iska, saboda haka kwalbar da ta daɗe a buɗe ba ta da amfani, kuma ɗigo ɗaya a kan tanki zai ci fenti.

Ni dai ra'ayina, mu fara gyara nata tukuna. Yawancin birkin kwanon da ake zagi, waya ce ta miƙe, ko lainin, abin da ke gogar cikin kwanon, bai zauna ba. Shafa alli a lainin, ka rufe, ka juya taya ka ɗan kama, ka buɗe. Inda allin ya goge nan ne kaɗai ke taɓawa, sai ka bi wurin da sanfefa har ya riƙa gogewa ko'ina. Kar ka hura ƙurar da baki, tsofaffin lainin da asbestos ake yin su, tsumma mai laima za ka sa. Mu canza sil da man shok, mu gwada ta. In mai ita bai gamsu ba, sai mu je neman gaba, tsohon kuma a ɗaure masa a buhu ya ajiye, don masu sayen tsohon babur kayan asali suke tambaya.

Ɗaga gabanta a kan bulo, ka fara kwance wayar birkin.