Tambaya da Amsa: Manhajata ta tura fayil, za a ba ta takardar mallakar ƙirƙira?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ɗalibi ne mai karatun kwamfuta. Na haɗa wata manhaja da ke tura karatuttuka da hotuna daga waya zuwa waya ba tare da an sayi data ba, har wayoyi 5 a lokaci guda. Abokina ya ce in yi maza in yi mata rajistar ƙirƙira, har da ta Amurka, kafin wani ya sace. Wani kuma ya ce ba a ba manhaja irin wannan takarda. Wanne ne gaskiya? (Mai karatu daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a aikin. Abokan naka kowa ya taɓo gefe guda na gaskiya, sai dai ni da kana gabana tambaya ɗaya zan fara yi maka: me manhajarka take yi a ciki wanda Xender ba ta yi? Ka leƙa kasuwar waya ta Farm Centre, ka ga yadda ake ɗura wa mutane waƙoƙi da wa'azi waya zuwa waya tun shekaru aru-aru. Ga SHAREit, ga AirDrop na Apple tun 2011, ga Quick Share na wayoyin Android. Idan amsarka ita ce “tawa ma tana turawa”, to ka riƙe kuɗinka.

Tun da ka ambaci Amurka, bari mu tsaya a can, don a can aka fi gwabza wannan rigimar. A 2014 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci tsakanin kamfanin Alice da bankin CLS. Alice na da takarda a kan amfani da kwamfuta a matsayin amintacce tsakanin masu ciniki biyu, ta tabbatar kowa ya cika nasa kafin kuɗi su tashi. Alƙalan gaba ɗaya, ta bakin Mai Shari'a Clarence Thomas, suka ce ai wannan tsohuwar al'adar kasuwa ce, cewa “a yi ta da kwamfuta” bai mayar da ita ƙirƙira ba. Ni kan ce da dillalan Kantin Kwari sun ji shari'ar da sun yi dariya. Daga nan aka samu awo mai hawa biyu. Na farko, shin abin da kake nema ya rataya ne a kan tunani zalla, wanda bai sauko ƙasa ba? In haka ne, sai na biyu: akwai wata dabara ta musamman a ciki da ta wuce abin da kowa ya saba yi?

Shari'o'i biyu na kan tura bayanai tsakanin na'urori za su nuna maka inda gizo yake saƙa. Kamfanin Cellspin ya maka Fitbit da Garmin da wasu a kotu a kan tsarin da na'ura, misali kyamara, ke ɗaukar bayani, ta miƙa wa waya ta Bluetooth, waya kuma ta ɗora a intanet. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara mai kula da irin waɗannan shari'o'i ta ce ɗaukar bayani da tura shi da wallafa shi tunani ne zalla. Abin da ya sa ta dawo da ƙarar, wadda ƙaramar kotu ta riga ta kora, shi ne Cellspin ya yi iƙirarin cewa yadda ya raba aikin tsakanin na'urori biyu ba sananne ba ne a lokacin, kotu ta ce a ba shi dama ya kawo hujja. Da ƙyar ya sha, ka ga ke nan.

Ɗayar ita na fi so, kuma ita nake karanta wa duk matashin da ya zo mini da irin maganarka: Uniloc da LG, 2020. A tsohon tsarin Bluetooth, babbar na'ura tana aiki biyu ne bi da bi. Ta yi shelar neman sababbin na'urori, sannan ta juyo ta tambayi waɗanda suka riga suka haɗu ko suna da saƙo. Kafin ta juyo, linzamin kwamfuta maras igiya da ya yi barci yana iya jira na daƙiƙoƙi masu yawa. Mai ƙirƙirar sai ya ƙara wani ɗan gurbi a cikin saƙon shelar, ta yadda shela da tambaya ke tafiya tare, jiran ya koma ƙasa da daƙiƙa. Ƙaramar kotu ta soke takardar, ta sama ta dawo da ita, don gyara ne takamaimai ga yadda na'urorin kansu ke magana. Ɗan gurbi ɗaya fa.

To kai ma ka koma ka duba. Ta yaya wayarka ke ciyar da wayoyi 5 ba tare da ta shaƙe ba? In ɗaya ta katse a tsakiya, daga ina take ci gaba? Batir nawa take ci? In akwai wata hanya da kai ka ƙago a nan, ita ce dukiyar, ita za a rubuta dalla-dalla. A Turai ma kusan haka ne: yarjejeniyarsu ta cire manhaja tsagwaronta daga abin da ake ba takardar ƙirƙira, amma tana karɓar wadda ta warware matsala ta fasaha.

A gida, dokar da muke aiki da ita ta 1970 ce, ba ta ambaci manhaja ba sam. Sharuɗɗanta uku: abu ya zama sabo, ya fito daga basira, ya yi amfani a masana'antu. Wa'adin shekara 20 ne daga ranar shigar da takardu. Amma ka kula, ofishin rajista a Abuja cikar takardu yake dubawa, ba ya bincikar ko abin sabo ne, kuma dokar da kanta ta ce ba a lamunce maka ingancin takardar ba. Za ka iya rataya ta a falo, ranar da aka je kotu ta rushe. Ita kuwa dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta riga ta kare rubutun manhajarka daga mai kwafa ba tare da ka biya sisi ba, sai dai ba ta hana wani ya zauna ya rubuta tasa mai aiki iri ɗaya.

Abu na gaggawa: kar ka yi bidiyon bayanin yadda take aiki a TikTok, kar ka saki rubutunta a fili, sai ka shigar da takardu. Amurka na yin afuwar shekara 1 bayan ka bayyana da kanka, Turai ba ta yi. Ka tuntuɓi NOTAP, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da samo fasaha da bunƙasa ta, tana taimaka wa masu ƙirƙira 'yan ƙasa wajen shigarwa.

Tambaya: Barista, wanda ya yi rajista a Najeriya, takardarsa za ta yi aiki a nan wajenmu? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: A'a, ɗan'uwa, a iyaka take tsayawa. Nijar na cikin OAPI, ƙungiyar rajistar ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke rufe ƙasashe 17, har da Kamaru da Chadi. Najeriya ba ta ciki, don haka mai son kasuwar Kano da ta Maraɗi sai ya shigar sau biyu.