Kai Baba yawon ƙafa a Bryce Canyon: lissafin hawa za ka yi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana so ka kai Baba, mai shekara sittin da 'yan kai, Bryce Canyon a watan Mayu, kana tambayar hanyar ƙafar da za ta dace da shi. Sau uku na je, kuma zuwan farko na sha wuya, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Wurin babban kwazazzabo ne a kudancin jihar Yuta ta Amurka, tafiyar kamar awa huɗu a mota daga Las Vegas. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne tsayinsa. Bakin kwazazzabon yana tsakanin mita 2,400 da 2,700 sama da teku. Jos da muke kira tudu wajen mita 1,200 take, ka ga wannan ya ninka ta. Iskar can ba ta ƙosar da huhu. Ga shi kuma daga sama ake farawa, a gangara cikin kwari, hawa sai a ƙarshe lokacin da ƙafa ta riga ta gaji. Ni da nake ganin ina da ƙarfi, na sauka ina ta ɗaukar hoto, amma wajen dawowa duk taku ashirin sai na tsaya ina haki, kaina na sarawa. Tun daga ranar, kafin in shiga kowace hanya, nakan fara tambayar mita nawa zan hau.

Don haka ranar farko kada ku sauka ko'ina. Ku bi bakin kwazazzabon daga Sunrise Point zuwa Sunset Point, bai kai kilomita ɗaya ba, a shimfiɗe yake, akwai kujerun hutawa. Ka lura da numfashin Baba da barcinsa a daren. In yana da hawan jini ko ciwon zuciya, a ji ta bakin likitansa tun kafin a tashi, wannan ba abin wasa ba ne.

In jiki ya karɓa, washegari da sassafe ku sauka ta hanyar Queen's Garden, ita ce mafi sauƙin gangara, zuwa da dawowa kusan kilomita 3. Nan ne za ku shiga tsakiyar dogayen duwatsun nan ja da ruwan goro, tsaitsaye kamar shuri. Ruwa ne ke shiga tsagar dutse da rana, ya daskare da dare ya faɗaɗa ta, shekara da shekaru, har suka zama haka. Wallahi duk wanda ya tsaya a ƙarƙashinsu da hantsi sai ya yi tasbihi. In Baba yana da sauran ƙarfi, ku zarce ku fito ta Navajo Loop, jimilla kilomita 4.6, hawan kusan mita 190. Amma ƙarshenta hawa ne mai lanƙwasa kan lanƙwasa, kuma ɓangarenta da ake kira Wall Street a rufe yake lokacin sanyi, ku tambayi ma'aikata ko an buɗe. In ya ce ya gaji, ku juya ta inda kuka zo. Dattawanmu ba sa son a ga gazawarsu, kai ne za ka ce ka gaji don ya samu ya huta.

Hanyoyin Peekaboo, mai kilomita kusan 9, da Fairyland, mai kusan 13, ka bar su sai ka dawo kai kaɗai.

Takalmi mai riƙe ƙasa wajibi ne, ban da silifas ko takalmin zuwa Juma'a, domin tsakuwar hanyar tana da santsi. Ka sama wa Baba sanda. Babu ruwan sha a cikin kwarin, ku ɗauki isasshe har da na alwala. Mayu ma da asuba sanyi ne mai shiga ƙashi, wani lokaci har da ƙanƙara, rana kuma in ta ɗaga tana ƙuna, sai a haɗa rigar sanyi da malafa.

Da yamma ku hau mota zuwa Rainbow Point, wurin da ya fi ko'ina tsayi. Akwai 'yar hanya ta kilomita ɗaya da rabi, Bristlecone Loop, mai bi ta cikin itatuwan da wasunsu suka haura shekara dubu. Allah ya kai ku lafiya, a gaishe da Baba.